Ƙaramin baƙin macijin da ya fito bayan ruwa

A tsakiyar daminar bara, wani dare da ruwa ya tsagaita bayan ya wuni yana zuba, ɗan yayata da ke zaune tare da ni a Ikorodu ya fita bayan sallar isha'i domin ya gyara bututun da ke kai ruwa cikin tanki. Ba a jima ba na ji yana kirana da murya irin ta wanda ya tsinci abin mamaki: “Kawu, zo ka ga wani ɗan maciji.” Da na fito da tocila na same shi tsugune a gefen kwata, ya danne wani ɗan baƙin maciji da guntun itace. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, kaurinsa bai wuce na ƙaramin yatsa ba, jikinsa yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Kafin in buɗe baki yaron ya sa hannu ya kama shi ta bayan kai, yadda ya ga ana yi a bidiyon waya. Macijin bai hangame baki ba, bai yi huci ba. Ya ɗan karkata kansa gefe ya ja baya, sai kawai na ji yaron ya yi ƙara ya yar da shi.

A babban yatsansa akwai ɗigon jini guda ɗaya tak. Cikin rabin sa'a yatsan ya kumbura, zafin ya hau har gwiwar hannu, gumi yana keto masa duk da sanyin da ruwa ya bari. Baba maigadi, wanda dattijo ne mai son yaron ƙwarai, ya zo da igiyar roba da reza, ya ce a ɗaure hannun a tsaga wurin jinin ya fita. Na ce masa, “Baba, ka yi haƙuri, wannan kam asibiti za mu.” Na cire wa yaron agogo da zobe, muka rataye hannun da ɗankwali domin kada ya riƙa motsi, na ɗauki hoton macijin daga nesa yana ƙoƙarin tura kansa cikin laka, muka kama hanya. A asibiti an ɗebi jininsa an ajiye a kwalba an ga ya daskare yadda ya kamata, likita ya duba hoton ya ce wannan irin ba shi da allurar kashe dafi, sai dai a rage zafi a kula da ciwon. Ya kwana biyu a can. Yatsan ya yi bororo, farcen ya fita, fatar kan yatsan ta mutu aka kankare ta, kuma sai da aka yi makonni kafin ya iya riƙe biro.

Abin da ya fi damuna bayan hankali ya kwanta shi ne, ni ma da ya tambaye ni a daren, da na ce masa wannan ɗan abin ba ya komai. Na tashi a kudancin jihar Gombe, inda saran maciji ba labari ba ne da ake ji daga nesa, domin kusan kowane gida yana da wanda aka taɓa kaiwa asibitin Kaltungo a lokacin shuka ko girbi. Na san kububuwa, wadda muke kira gobe da nisa, na san kasa da nauyin barcinta a kan hanya, na san kumurci da gamsheƙa da yadda suke fasa kai, na san mesa. Da wannan sanin na zo Legas, na shekara goma sha ina riƙe wa dillalan albasa da doya lissafi a kasuwar Mile 12, ina ganin ai na gama da sha'anin igiyar ƙasa. Ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙasar Legas ƙasar kurmi ce da fadama da bakin ruwa, macizanta ba duka ba ne irin na ƙasarmu, kuma waɗanda mutum ya fi cin karo da su a tsakar gida, a bayan tanki, a ƙarƙashin bulo ko cikin tukunyar fulawa, ƙanana ne da ba mu ma da sunan kiransu a bakinmu. Tun daga lokacin na shiga karatu da tambaya, kuma abin da na tattara shi ne nake so in ajiye a nan, domin yawancin 'yan'uwanmu da ke gadi, da aikin lambu, da leburanci a wuraren gine-gine na Ajah da Ibeju-Lekki, da masu tsintar ƙarafa a bola, su ne suke sa hannu da ƙafa a inda waɗannan halittu suke.

Abu na farko da ya rushe a kaina shi ne ƙa'idojin nan da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook, wai mai dafi kansa mai kusurwa uku ne kuma ƙwayar idonsa a tsaye take kamar ta kyanwa, marar dafi kuwa kansa a mulmule yake kuma ƙwayar idonsa zagayayya ce. An tsara wannan ne domin macizan Amurka ta Arewa, inda yawancin masu dafin dangi ɗaya ne, kuma ko a can ba ya cika. A ƙasarmu kuwa zai iya kai mutum kabari. Kumurci da gamsheƙa da mamba duk ƙwayar idonsu zagayayya ce, kansu kuma ba mai kusurwa uku ba ne, alhali suna cikin mafi haɗarin macizan duniya. A ɗaya gefen, mesa da macijin gida mai cin ɓera ƙwayar idonsu a tsaye take, kuma ba su da dafi ko kaɗan. Akwai ma wani ɗan maciji mai cin kwaɗi, mai launin toka ko na ganye mai duhu da ƙananan fararen ɗigo-ɗigo, masana suna kiransa Crotaphopeltis, wanda idan ya tsorata yake baje kansa ya zama mai kusurwa uku, ya riƙa kai sara da zafin nama, amma ɗan dafin da yake da shi bai isa ya cutar da mutum ba. Babu wata alama guda ɗaya da za ta raba mai dafi da marar dafi. Sai dai mutum ya san kowane iri da kansa, yadda makiyayi yake sanin shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa siffar jiki da launi da zane da ɗabi'a da wurin da ya gan shi.

Wanda ya sari yaronmu sunansa na kimiyya Atractaspis, kuma shi ne nake ganin ya fi cancanta kowane mazaunin Legas ya sani, domin shi ne ya fi kama da abin da ba shi da haɗari. A cikin ƙasa yake rayuwa, yana bin ramuka yana cin 'ya'yan ɓera da ƙadangarun da ke shiga ƙasa da wasu ƙananan macizai, shi ya sa ba a cika ganinsa ba sai da dare bayan ruwan sama ya cika masa rami, ko kuma idan ana tonon harsashin gini ko ana ɗaga tsofaffin katako. Baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, ba zane, kansa ƙarami ne da bai fita dabam da wuyansa ba, idanunsa 'yan mitsi-mitsi, wutsiyarsa gajeriya ce da ta ƙare da ɗan tsini. Idan aka taɓa shi yakan lanƙwasa wuya ya sunkuyar da kansa ƙasa kamar mai neman wurin shiga, wani lokaci kuma ya fizge jiki gefe da gefe. Abin da ya bambanta shi da sauran macizai shi ne fiƙoƙinsa, waɗanda suke da tsawo idan aka kwatanta da ƙanƙantar kansa, kuma yana iya zaro guda ɗaya ta gefen baki ba tare da ya buɗe bakin ba, ya soka ta baya. Allah ya halicce shi haka ne domin farauta a cikin matsatsen rami inda babu filin buɗe baki. Saboda haka kamun bayan kai, wanda masu wasa da maciji suke yi wa sauran, shi ne daidai yake kai yatsan mutum bakin fiƙarsa. Hatta masanan macizai ya sha sokar su saboda sun ɗauke shi wani ne. Saransa ba ya cika kisa, amma yana kawo zafi mai tsanani da kumburi da ruɓewar nama, kuma akwai waɗanda suka rasa gaɓar yatsa.

A cikin ƙasar da yake zaune akwai maƙwabtansa da ba su da laifin komai. Akwai makafin macizai, waɗanda mutane ke cewa masu kai biyu ne saboda kai da wutsiya duk a dunƙule suke iri ɗaya. Ƙananansu sukan yi kama da tana sosai, har sai ka duba da kyau ka ga jikin a bushe yake yana sheƙi, babu zobe-zoben da ke jikin tana, ba ya miƙewa ya tsuke yadda tana take yi, kuma yana fito da ɗan harshe. Idanunsu ɗigo ne kawai a ƙarƙashin ɓawon kai, bakinsu ya yi ƙanƙanta da saran mutum, abincinsu gara ne da tururuwa da ƙwayayensu. Akwai kuma wani ɗan baƙi da ake kira Lycophidion, mai cin ƙananan ƙadangaru, wanda kansa ya ɗan baje kuma sau da yawa ɓawon jikinsa yana da ɗan fari a baki-baki, shi ma ba dafi. A littafi bambancin a fili yake, tunda makaho ɓawon cikinsa iri ɗaya ne da na bayansa, shi kuwa Atractaspis cikinsa faffaɗan ɓawo ne a jere, idonsa kuma yana bayyane. Amma wa zai juya maciji ya duba cikinsa da dare, a cikin laka, da hasken tocilar waya? Hukuncin da na yanke wa gidana shi ne, duk ɗan maciji baƙi mai sheƙi marar zane, ba a sa masa hannu, ba a taka shi da ƙafa ba takalmi, ko da kuwa an tabbata makaho ne. Kama da wane ba ta wane, kuma tsintsiya mai doguwar sanda da bokiti sun wadatar.

Wanda aka fi kashewa a banza shi ne macijin gida. Wata safiya Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu ta aiko jikanta a guje, ta ce in zo da sanda, kumurci ya shiga ɗakin ajiyarta. Na same shi a naɗe a bayan buhun shinkafa, ruwan ƙasa ne kamar launin shayi da madara kaɗan, jiki sumul, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, da siraran layuka masu haske a gefen kansa, ɗaya ya bi ta saman ido. Tsakiyar jikinsa ta yi tudu, alamar bai daɗe da haɗiye wani abu ba. Bai ɗaga kai ba, bai fasa wuya ba, ƙoƙarinsa kawai ya cusa kansa a ƙarƙashin jikinsa. Na ce mata, “Hajiya, wannan ba kumurci ba ne, ɓerayen da suka dame ki ne suka kawo shi, kuma ga alama ya rage miki ɗaya.” Ba ta yarda a bar shi a ɗakin ba, kuma ban ga laifinta ba, domin babu mai son ya sa hannu a buhu ya taɓo maciji ko wane iri ne. Muka tura shi cikin bokiti da tsintsiya, muka rufe, na kai shi bakin fadama. Wannan maciji, da masana ke kira Boaedon, matse abincinsa yake yi kamar mesa, kuma idan ya ciji mutum abin da zai bari ƙananan ƙarce ne da sabulu da ruwa suke isa. Sai dai akwai baƙaƙensa da ba su da layukan kai, kuma ƙaraminsu da dare zai iya rikita mutum da wancan mai sokar gefe, abin da ya sake mayar da ni ga hukuncin da na faɗa.

Sai masu zane. Mutumin arewa idan ya ga ɗan maciji ruwan ƙasa mai tabo-tabo a baya, kububuwa ce take fara zuwa masa a rai, kuma yana da hujja, domin ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a Najeriya duk da cewa tsawonta bai cika wuce santimita 60 ba. Ana gane ta da gajeren kai mai faɗi, da siririn wuya, da jerin fararen ɗigo a gefen jiki, da yadda take naɗe jiki tana goga ɓawonta da juna har ya ba da ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Amma ita 'yar ƙasar ciyawa ce da duwatsu, ba ta saba da kurmi da dausayin bakin teku ba. Duk da haka ba na cewa yaran da ke sauke kaya su saki jiki, tunda motocin doya da itace da buhunan hatsi daga ƙasarta suke tasowa, kuma maciji yana iya shiga kaya ya yi tafiya. Wanda ya fi yiwuwa ka gani a unguwannin Legas, musamman inda kwaɗi suke taruwa a gindin fitila ko bakin kwata, shi ne Causus, ɗan gajere mai ɗan kauri, mai alama a bayan kai kamar kan kibiya da tsininta ya dubi hanci. Ƙwayar idonsa zagayayya ce, yana kumbura jiki ya yi huci idan aka matsa masa, kuma yana da dafi. Saransa yana kawo zafi da kumburi, galibi yana warkewa cikin kwanaki, amma ga ƙaramin yaro abin a ɗauke shi da muhimmanci ne.

A nan ne kuma na ga ikon Allah a kan wani maciji mai cin ƙwan tsuntsaye, Dasypeltis, wanda kusan ba shi da haƙori ma. Yana haɗiye ƙwan da ya fi kansa girma, wasu ƙasusuwan da suka fito daga ƙashin bayansa su fasa shi a maƙogwaro, ya shanye ruwan ya amayar da ɓawon a dunƙule. Da yake ba shi da makami, sai yake aron rigar masu makami, wato wasu daga cikin irinsa suna da zane mai kama da na kububuwa ko na Causus, kuma yana naɗe jiki ya goga ɓawonsa ya ba da irin ƙarar kububuwa, ya hangame baki ya kai saran ƙarya. Jikinsa ya fi nasu siranta da tsawo, kansa kuma ƙarami ne a mulmule. Wanda ya san wannan zai daina kashe shi, amma kada wannan sanin ya sa wani ya ji ƙarar gogar ɓawo ya ce bari ya matsa ya tabbatar.

Kore kuwa, a Legas duk koren maciji mamba ne a bakin mutane. Gaskiya akwai koriyar mamba a kurmin kudancin Najeriya, amma yawancin sirara koraye da ake gani a kan katanga da bishiyar mangwaro da ganyen ayaba marasa dafi ne masu cin tsaka da ƙananan kwaɗi, masu manyan idanu da gajeren kai. Kan mamba dogo ne mai faɗin sama, tsawon jikinta yana kai mita biyu, wutsiyarta takan yi rawaya da baƙin gefe a kowane ɓawo. Matsalar ita ce 'yar mamba da ta fito daga ƙwai ba ta wuce girman waɗancan ba, kuma da dafinta take fitowa. Saboda haka kore ma kallo ne daga nesa.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da yaronmu ya yi, wanda shi ne kuskuren yawancinmu, wato auna haɗarin maciji da girmansa. Ƙaramin maciji iri biyu ne, akwai wanda ƙanƙanta halittarsa ce, akwai kuma jaririn babba. Kasa haihuwa take yi ba ƙwai ba, tana iya zubar da 'ya'ya fiye da ashirin a lokaci guda, kowanne bai fi tsawon tafin hannu da yatsu ba, kuma kowanne da dafinsa da zanensa irin na uwar. Haka ita ma babbar kasar kurmi mai zane kamar busassun ganye, wadda fiƙarta take kai santimita 5 idan ta girma. Ɗan kumurci tun ranar da ya fasa ƙwai yana iya ɗaga gaba ya fasa kai ya fesa dafi a ido. Akwai masu cewa jaririn maciji ya fi babba haɗari wai don bai iya tsimin dafi ba, wannan ba haka ba ne, babba ya fi yawan dafi nesa ba kusa ba. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma mutum yakan gudu daga babba ne ya tsaya wasa da ƙarami.

To yaya ake dubawa? Ka ja baya kamar taku huɗu ko biyar, domin kumurci yana iya kai tofinsa mita biyu ko fiye. Ka haska shi, ka lura da kaurin jiki a kan tsawonsa, da yadda kai ya haɗu da wuya, da ko jikin sumul yake ko kaushi, da zane, da tsawon wutsiya, da abin da ya yi lokacin da ya gan ka. Idan da waya a hannunka ka ɗauki hoto daga inda kake, ka jawo hoton kusa daga baya. Yara da kaji a janye su, a bar masa hanyar fita. Sara da yawa yana faruwa ne a lokacin da ake ƙoƙarin kashewa ko kamawa, kuma ko an kashe shi kan yana iya sara bayan an raba shi da jiki, shi ya sa ɗaga mushen maciji da hannu domin a nuna wa jama'a ba ƙaramin ganganci ba ne. Na san addini ya halatta kashe mai cutarwa, har a cikin salla an ba da izinin kashe maciji da kunama, amma akwai kuma hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Imamu Muslim ya ruwaito a kan yi wa macizan cikin gida gargaɗi kafin a kashe su, wanda malamai suka yi bayanai a kansa. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne ba a umarce mu mu afka wa duk abin da ya ja ciki ba tare da natsuwa ba.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata, sanin irin macijin ba sharaɗi ba ne na samun magani, kuma kada a ɓata lokaci ana farautarsa. Likitoci suna bin alamun da ke jikin majiyyaci. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, sai a ga jini a dasashi ko a fitsari ko a tsohon ciwo, wani lokaci bayan mutum ya wuni yana ganin lafiyarsa ƙalau, kuma daga nan sunan gobe da nisa ya samo asali. Gwajin da aka yi wa yaronmu, na zuba jini a busasshiyar kwalbar gilashi a jira minti 20 a ga ko ya daskare, ya samu gindin zama ne daga aikin da likitan nan David Warrell da abokan aikinsa suka yi a arewacin Najeriya a shekarun 1970, lokacin yana Zariya, kuma har yau ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Dafin kasa da na kumurci kumburi ne da ruɓewar nama. Na mamba da na gamsheƙar kurmi jijiyoyi yake kamawa, fatar ido ta fara sauka, haɗiya ta gagara, numfashi ya yi nauyi, kuma wannan ba ya jira. Kada a ɗaure da igiya, domin ɗauri yana kashe gaɓa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a dogara da baƙin dutse ko a tsaya jiƙa saiwa. Kada a ba da asfirin ko magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen saboda suna ƙara zubar jini, farasitamol ya wadatar kafin a isa. Wanda aka fesa wa dafi a ido a wanke masa da ruwa mai yawa nan take, sannan a kai shi a duba. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 767 da 112, kuma a garin da cunkoson motoci yake iya cinye sa'a biyu, gara a tashi tun kafin alama ta bayyana.

Akwai wani abu game da allurar kashe dafi da ya kamata ɗan arewa mazaunin kudu ya sani. Wadda aka fi sani a wajenmu, EchiTAb, iri biyu ce. Ɗaya, da aka fara haɗawa a Birtaniya, ta kububuwa ce kaɗai. Ɗayar, da ake haɗawa a ƙasar Kosta Rika, an yi ta ne da dafin kububuwa da kasa da kumurci. Sun ceci rayuka masu yawa a Kaltungo da Zamko ta jihar Filato, kuma masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun daɗe suna aiki a kan wannan fanni. Amma ba a yi su domin mamba ko gamsheƙar kurmi ba, saboda haka kada wani ya sayo kwalba da kansa don ya ji sunanta a gida, likita ne zai zaɓi wadda ta dace da alamun da ya gani, kuma a asibiti ake yin ta saboda jiki yana iya ƙin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su a shekarar 2017, ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 a duniya duk shekara, kuma a 2019 ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Waɗanda ke cikin wannan lissafi galibi manoma ne da makiyaya da leburori, masu tafiya ba takalmi da masu kwana a ƙasa.

Wannan maganar ta kwana a ƙasa ita ce ta sa na koma kan Baba maigadi, wanda shekara da shekaru tabarma yake shimfiɗawa a bakin ƙofa, kusa da tarin bulon da mai gida ya ajiye tun ba a gama ginin baya ba. Muka haɗa kuɗi da sauran 'yan haya aka yi masa ɗan gadon katako, aka sayo gidan sauro da zai riƙa cusa gefensa a ƙarƙashin katifa, da takalmin ruwa da tocila mai caji. Aka kwashe bulon, aka sare ciyawar bayan katanga, aka toshe ramukan ɓera da siminti, aka daina zubar da ragowar abinci a bakin kwata. Da farko ya ce shi da ya yi kiwo a dajin da kasa take kwana a turba ba zai ji tsoron tsutsar Legas ba, amma da ya ga yatsan yaron ranar da aka kwance bandeji, bai ƙara musu ba.

A farkon daminar bana, da ruwan watan Afrilu ya sauka, yaron ya sake kirana daga wajen tanki. Wannan karon na same shi tsaye can nesa, tocila a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Wani ɗan baƙin abu ne mai sheƙi yake murɗawa a kan siminti. Muka jawo hoton kusa, muka ga kai da wutsiya duk a dunƙule, babu wuya, babu idon da ya fito fili, kaurin jikin ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Na ce masa makaho ne. Ya ce, “Na gani, Kawu,” sannan ya je ya ɗauko tsintsiya mai doguwar sanda da bokiti, ya share shi ciki, muka kai shi gindin ayabar da ke bayan katanga, inda ƙasa take da laushi da gara, muka juye. Kafin mu ɗaga bokitin ya riga ya tura rabin jikinsa cikin ƙasa.